Ƙarar jiragenmu na rimot za ta sa a raba mu da tafki, ina mafita?

Mai Farin Jirgi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da magana mai nauyi na zo. Ƙarshen makon da ya wuce muna bakin tafkin da muka saba, mu biyar, jirage uku a kan ruwa, sai ga wani dattijo ya zagayo daga gidajen da ke can tsallake. Bai zo da faɗa ba, cikin mutunci ya yi magana. Ya ce mai ɗakinsa tana kwance ba lafiya, kuma tun safe ƙarar injinanmu take shiga ɗakinta kamar a gindin taga muke. Na ɗaga kai na dubi gidan, a idona yana da nisa ƙwarai, mutum ma da kyar za ka shaida shi daga nan. Amma ban ga alamar ƙari a maganarsa ba. Hannunsa har rawa yake. Muka tattara kayanmu muka tafi, babu wanda ya ce uffan.

Jiya kuma masu kula da wurin suka aiko mana: ko dai mu rage ƙara, ko mu nemi wani ruwan. Nawa jirgin mai injin fetur ne, ƙirar kamfanin Zenoah mai cc 26, da salansa mai tumbi wadda babu komai a wutsiyarta. Abin da nake nema shi ne yadda zan kashe wannan ƙara ba tare da na kashe gudun jirgin ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mana.

Sarkin Gudu:
Wa alaikumus salam. Yayana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ni ban ga laifinku ba. Awa biyu ne fa a mako. Babura suna wucewa dare da rana, wa ya taɓa tsayar da su? Kuma gaskiya rabin daɗin wannan harka a kunne yake. Lokacin da injin ya hau kan saitinsa, muryarsa ta canza, jirgin ya ɗaga ƙirji ya bar fesin ruwa a baya, wannan shi ya kawo yawancinmu nan. In aka toshe masa baki me ya rage?

Maman Biyu:
Ƙanena Sarkin Gudu, bari in ba ka amsa daga ɗaya ɓangaren. Ni saboda ɗana na shigo zauren nan, shi ne mai jirgin, ni ce mai kai shi. Ranar farko da na zauna a mota ina jiransa, gilashi a rufe, minti ashirin bai cika ba kaina ya fara sarawa. Babur yana wucewa ne ya tafi abinsa. Jirginku kuwa zagaye yake yi, ya yi nisa ƙarar ta lafa, har ka ce an huta, sai ta sake dawowa. Wannan tafi-ka-dawo ɗin shi ne ke hana mutum sakewa. Wanda ke riƙe da rimot ba ya jin haka, domin hankalinsa yana kan ruwa. Marar lafiya da ke kwance ba ta da abin da za ta ɗora hankalinta a kai sai ƙarar.

Sarkin Gudu:
Na ji, Anti. Ban kalle shi ta nan ba.

Malamin Kimiyya:
Mai Farin Jirgi, dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, kuma akwai dalili. Fuskar ruwa ba ta shanye sauti kamar ciyawa ko ƙasa mai laushi, mayar da shi take yi kamar daɓen siminti. Sannan da safe, ko da yamma lis, sau da yawa iskar da ke dab da ruwa ta fi ta sama sanyi. Sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, don haka sai ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama ya ɓace. In aka yi rashin sa'a iska tana kaɗawa daga wurinku zuwa gidajen, ita ma ƙara lanƙwaso shi take yi. Shi ya sa mai tsallake yake jin kamar a ƙofarsa kuke.

Ga kuma lissafin desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, wanda mutane da yawa ba su gane ba. Ba kamar awon kilo ba ne. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, amma kunne sai an kai ƙarin wajen 10 kafin ya ce ƙarar ta ninka. Jirage biyu masu ƙara iri ɗaya, ƙarin 3 ne. Huɗu, ƙarin 6. A fili kuma, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara tana sauka da wajen 6. Wato in ka auna 92 a mita 10, za ka samu wajen 86 a mita 20, 80 a mita 40, 74 a mita 80. A kan ruwa mai sanyi saukar ma ba lallai ta kai haka ba.

Abin da ya sa ƙarar take huda kai kuwa: injinanmu masu bugu biyu ne, kowane juyi sai an yi fashewa ɗaya. Ƙaramin injin naitiro, wato mai shan man da aka haɗa da sinadarin naitiro maimakon fetur, da ke juyi 30,000 a minti yana harba iska sau 500 a daƙiƙa. Na fetur da ke 18,000 yana yin sau 300. A kan wannan kuma akwai siraran muryoyi da ke hawa har wajen 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa, daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi.

Mai Farin Jirgi:
Malam, Allah ya ƙara sani. To ni yanzu daga ina zan fara? Na yi tunanin in cusa waya ta wanke tukunya a cikin wutsiyar salansar.

Baba Makaniki:
Kul, ɗana! Kada ka kuskura. Na ga an yi haka da idona. Wani yaro a ƙungiyarmu ya tura wannan wayar a wutsiya, ƙara ta ragu kam, ya yi zagaye uku yana murna, a na huɗu jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Da muka buɗe injin, saman fistin ya yi fari fat, gefen da ke kallon ƙofar hayaƙi ya fara narkewa, zoben ya maƙale. Zafin da ya kamata ya fita ne aka tsare shi a ciki.

Sai ka fara sanin aikin wannan salansa kafin ka taɓa ta. Ba don ado aka yi mata tumbi ba. Idan fistin ya buɗe ƙofar hayaƙi, wani bugun iska ne yake fita da gudun sauti. Mazurarin farko, wanda yake buɗewa, yana jawo sauran hayaƙi daga cikin silinda, har ya zuƙo ɗan sabon mai tare da shi. Mazurari na biyu, wanda yake tsukewa, yana mayar da bugun baya, ya tura wannan sabon man cikin silinda dab da ƙofar za ta rufe. Canjin muryar da Sarkin Gudu yake so ɗin nan, lokacin ne dawowar bugun ta yi daidai da juyin injin. Walter Kaaden na kamfanin babura na MZ a Jamus ta Gabas shi ya fito da amfanin wannan dabara a tseren babura a shekarun 1950, mu kuma muka gada.

To ka lura da kyau: aikin duk a cikin tumbin ake yin sa. Wutsiyar nan siririya ƙofa ce kawai ta rage matsi. Ƙarar da ke fita ta bakinta ba ta ƙara wa jirgi gudu ko na taƙi ɗaya. Sharar aiki ce. Saboda haka kana iya rage ta sosai, in dai ba ka tsuke hanyar ba.

Hanya ta farko ita ce ka ƙara ƙaramin gwangwani a bayan wutsiya, mai ɗaki ɗaya ko biyu, hayaƙi ya shiga ya baje kafin ya fita. Sharaɗin shi ne kowane rami a cikinsa, da bakin fitarsa, kada faɗinsu ya kasa na wutsiyar. In da bututu mai huji-huji ne a ciki, ka haɗa faɗin hujin gaba ɗaya, ya zama ya fi na wutsiya.

Hanya ta biyu na fi son ta: wutsiyar ciki. Maimakon bututun ya fara daga ƙarshen mazurari, sai a tura shi ciki har bakinsa ya kai inda tumbin ya fi faɗi. A can bugun iska ba shi da kaifi kamar a tsukakken ƙarshe, sai abin da ke fita ya zo da laushi. Ƙara tana faɗuwa yadda kunne zai shaida, gudu kuma kusan yana nan yadda yake.

Ɗan Lantarki:
Baba, da girmamawa, duk wannan wahalar ta mece ce? Ku koma injin lantarki marar burushi da batirin litiyam da ake kira LiPo, magana ta ƙare. Babu hayaƙi, babu mai a kan ruwa, babu jan igiya, kuma a yau jiragen lantarki suna gudun da na fetur da yawa ba sa kamo su.

Baba Makaniki:
Ɗana, ban musa ba. Inda gidaje suka matso ruwa sosai, lantarki ne kawai zai zaunar da ku lafiya. Amma wanda ya shekara goma yana tara injina da kayan gyaransu, ba za ka ce masa ya zubar a wuni ɗaya ba. Kuma akwai masu son aikin injin kansa, saitin allurar da ke daidaita shigar mai da sauraron muryarsa, kamar yadda kake son naka.

Sarkin Gudu:
Kuma minti nawa batirin yake yi in ka taka shi sosai? Kafin ka ji daɗi ya ƙare. Sannan lantarkin ma ba shiru yake ba. Akwai wani a wurinmu, nasa yana wani irin fito mai tsinin gaske.

Ɗan Lantarki:
Maganar minti gaskiya ce, 'yan mintoci ne in ana gudu sosai, shi ya sa muke zuwa da batir fiye da ɗaya. Fiton da ka ji kuwa, ina kyautata zaton farfela ce ko boris, ba injin ba. Kuma wannan ya shafe ku ku ma. Jiragen gudu rabin farfelarsu a waje take, kowane kunnen farfelar yana marin ruwa ya fita ya sake mari. In kunne ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ko da ɗan kaɗan ne, a wannan juyin sai jijjiga ta bi sanda ta shiga jikin jirgi. Ni sai na ɗora farfela a kan ma'aunin daidaito, kunnen da ya rinjaya ƙasa na goge bayansa kaɗan-kaɗan har ta tsaya duk inda na ajiye ta. Amma ku yi hattara: farfelun tsere da yawa akwai ƙarfen beriliyam a cikin tagullarsu, ƙurarsa guba ce ga huhu. A jiƙe ake gogewa, da takunkumi a hanci, kuma ba a ɗakin da yara suke ba.

Gwanin Faiba:
Tun da an zo kan jijjiga, bari in sa baki. Ni jikin jirgi nake ƙerawa. Abin da nake gaya wa kowa shi ne ka ɗauki jirginka babu inji, ka ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa. Ka ji wannan amon? Ganga ce ka gina. Siririyar faiba ce a kan rami, duk abin da ya girgiza ta sai ta yi magana. In ka ɗaure inji kai tsaye a kan katakon ciki, ƙarfe a kan itace, ka ba makaɗi gangarsa.

Ka zaunar da injin a kan robobi huɗu, ka tabbata ba su bushe sun tsage ba, domin mai yana cin roba. Ka bi salansar daga wuya har wutsiya, ka ga ko akwai inda take taɓa jikin jirgi ko murfi. Maɗaurinta na baya ma a sa masa silikon a tsakani. Manyan filayen da ke ciki, musamman murfi da gefuna, a manna musu soso, amma irin wanda ba ya shan ruwa. Na taɓa sa soson katifa a wani jirgi, ya sha ruwa da mai, jirgin ya yi nauyi ya karkata gefe guda, ga wari. Ƙarshenta sai kankare shi na yi. Kuma kada soso ya kusanci wuyan salansa.

Sandar farfela mai lanƙwasa ɗin nan ita ma, in babu giris ko rigar teflon da ke cikin bututunta ta cinye, tana dukan bututun tana ƙara. Ku riƙa zare ta bayan kowane wuni, a goge a shafa.

Mai Farin Jirgi:
Yanzu na je na duba. Wallahi salansata tana kwance a kan bakin murfi, har ta ƙona fentin wurin ya yi baƙi. Kuma tiyon silikon da ya haɗa wuya da tumbi ya tsage ta ƙasa, ga baƙin mai ya malala. Ban taɓa juya ta na gani ba.

Baba Makaniki:
To ka ga ɗaya. Tsagar nan kaɗai tana fitar da ƙara mai tsini, kuma tana satar maka ƙarfi. Canza tiyon tukuna kafin ka sayi komai.

Akwai kuma bakin kafireta, wanda kowa yake mantawa. Da zarar ka rage ta baya, sai ka fara jin ta gaba, wani irin gurnani na zuƙar iska. Maganinta murfi a kan injin, iska ta shigo ta lanƙwasasshiyar hanya, ba rami a buɗe yana kallon gaɓa ba. Sai dai ka bar wa injin isasshiyar iska, in ba haka ba zai shaƙe ya riƙa shan hayaƙinsa.

Sarkin Gudu:
Baba, maganar zuba ruwa a salansa fa? Na ga masu yi, kuma nasu ba ya ƙara sosai.

Baba Makaniki:
Yana aiki ƙwarai. Ruwan da ya gama zagaya kan silinda ne ake karkatar da kaɗan daga cikinsa zuwa hayaƙi. Hayaƙin ya huce, ya tsuke, ƙarfinsa ya ragu. Amma inda ka zuba shi ne magana. In a wuya ka zuba, ka sanyaya tumbin gaba ɗaya, sauti kuma ba ya gudu a iska mai sanyi kamar a mai zafi. Bugun zai dawo a makare, tamkar ka ƙara wa salansar tsawo, sai injin ya daina kaiwa juyinsa na sama. Dole ka ɗan rage tsawon wuyan ka rama. In kuwa a wutsiya ko a gwangwanin baya ka zuba, saitinka yana nan. Abu ɗaya: ka karkatar da salansar yadda in injin ya mutu ruwa ba zai gangaro cikin silinda ba.

Masu naitiro kuma ku ji: tankinku daga salansa yake samun matsin da ke tura mai. Duk abin da kuka canza a baya ya canza yawan man da ke zuwa. Ku buɗe allura ta yi ɗan yawa, ku fara daga nan kuna tsukewa a hankali, kuna duba fulogi.

Malamin Kimiyya:
Ina roƙon abu ɗaya: ku auna kafin ku taɓa, kuma ku riƙa canza abu ɗaya-ɗaya. In ka canza biyar lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Manhajar waya ba ta da tabbas a kan ainihin lamba, makirufon waya don murya aka yi shi, amma in wayar ɗaya ce, wurin tsayawa ɗaya, tazara ɗaya, za ta nuna maka ko an samu ragi. Ƙungiya kuwa gara ta mallaki na'urar awo ta gaske, a sa ta a ma'aunin A, wanda yake bin yadda kunne ke ji. A sa alama a kan ruwa, kowa ya wuce ta gabanta da cikakken gudu. Awo a kan tebur jirgi yana ɗage ba ya nuna komai, kuma yana iya lalata injin.

Wannan ba sabon abu ba ne a harkar. Ƙungiyar duniya ta masu irin ƙananan jiragen ruwan nan, NAVIGA, tana da iyakar desibel 80 a tserenta, kuma jiragen da ke cin kofi a ƙarƙashin wannan doka ba masu rarrafe ba ne.

Sannan kunnuwanku. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Wanda ya sunkuya a kan injin yana saita allura, kansa bai fi taku ɗaya daga salansa ba, ya wuce waɗannan lambobin nesa. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Baba Makaniki:
Malam ya taɓo inda yake mini ciwo. Kunnena na hagu, wanda yake kallon injin in ina saiti, shekara da shekaru yana yi mini ƙugi ba dare ba rana. In jikokina suna magana a cikin taro sai na juyo musu da na dama. Ku sa abin toshe kunne, 'ya'yana, kuma ku sa wa yaran da kuke zuwa da su.

Maman Biyu:
Baba, Allah ya ba ka lafiya. Gobe zan nema wa ɗana. Mai Farin Jirgi, in ka yarda da shawarata, kada ku tsaya a gyaran inji kawai. Ku koma wurin dattijon nan ku gaishe da mai jiki, ku tambaye shi wane lokaci ne take samun barci. Ku bar sassafe da yamma lis, tun da Malam ya ce a lokutan ne ƙara ta fi tafiya. Ku ba shi lambar ɗayanku, in abin ya dame su ya kira ku kafin ya kira masu wurin. Kuma lokacin da tsuntsayen ruwa suke kwanci a cikin ciyayin gefe, ku matsar da zagayenku daga can.

Mai Farin Jirgi:
'Yan zaure, na dawo da bayani bayan mako biyu. Na bi ɗaya-ɗaya kamar yadda Malam ya ce, waya ɗaya, wuri ɗaya. Canza tiyo da ɗage salansa daga murfi sun rage kaɗan a lamba, amma wannan kakkaɓin mai kama da kwano ya tafi. Robobin inji biyu sun mutu, na canza duka huɗun. Babban ragin daga gwangwanin baya ya zo, mai ɗaki biyu, na juya bakinsa yana kallon ruwa kuma ɓangaren da ba na gidaje ba. Gaba ɗaya wayata ta nuna ragin wajen 8. Gudu kuwa, na'urar GPS da na ɗaura a ciki ta nuna bambancin bai kai wanda iska take kawowa tsakanin zagaye da zagaye ba. Fulogi ya fito ruwan ƙasa, ba fari ba.

Mun je wurin dattijon mu uku. Mai ɗakin nasa ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ɗayanmu ya tsaya a ƙofar gidan da waya a kunne, ni kuma na koma na saki jirgin. Ya ce ana ji, amma kamar ƙudan zuma daga nesa, hira ba ta tsayawa. Mun yi da su jirage biyu kawai a lokaci guda, kuma sai rana ta ɗaga. Masu wurin sun ba mu wata uku su gani. Saura mutum biyu a cikinmu da ba su gyara nasu ba, mun ce ba za su sauke a ruwa ba sai sun yi.

Sarkin Gudu:
Barka, Yaya. Baba, nawa injin naitiro ne mai cc 3.5, kuma babu wurin gwangwani a bayan jirgin. Wutsiyar ciki nake so in gwada. Da faɗin tsohuwar zan yi ta, ko in ɗan ƙara tun da ta fi tsawo?

Baba Makaniki:
Ka ɗan ƙara, ɗana, domin dogon bututu ya fi riƙe hayaƙi. Ka auno mini faɗin ramin tsohuwar da tsawon mazurarin baya, ka ɗauki hoton fulogin bayan zagayen farko ka turo nan mu duba tare.